Furotin Mai Gina Ƙashi: Hajar da Ake Aunawa da Maikirogiram, Ake Ciniki da Miliyoyin Daloli

A kasuwannin duniya akwai wata irin haja wadda ba a auna ta da mudu, ba a kuma loda ta a tirela. Ana zuba ta ne a cikin 'yar kwalba wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma idan mutum ya ɗaga kwalbar ya duba, da ƙyar zai hangi ɗan farin gari a gindinta. Duk da haka, kuɗin wannan ɗan gari yakan kai ɗaruruwan dalolin Amurka. Wannan haja ita ce furotin ɗin da masana kimiyya ke amfani da shi wajen binciken yadda ƙashi ke tsirowa a jiki, da yadda karaya ke haɗewa bayan an yi ɗori.

Masana suna kiran wannan rukuni na furotin da taƙaitaccen suna BMP, wanda ma'anarsa ita ce furotin mai siffanta ƙashi. An san kimanin iri 20 daga cikinsu, amma biyu ne suka yi fice a harkar ciniki, watau BMP-2 da BMP-7. Tarihinsu ya ƙunshi bincike na shekaru fiye da 30, da gasar kamfanoni, da riba mai tsoka, da kuma shari'a da binciken Majalisar Dattawan Amurka. Domin haka akwai abin lura a cikinsa ga 'yan kasuwar Nijeriya, musamman masu shigo da magunguna da kayan asibiti, da masu samar wa jami'o'i kayan ɗakunan gwaje-gwaje.

Asalin al'amarin

Ƙashi yana da wata baiwa da yawancin sassan jiki ba su da ita. Idan fata ta yanke takan warke da tabo, amma idan ƙashi ya karye aka daidaita shi, yakan haɗe da sabon ƙashi irin na asali. Masu ɗori na gargajiya sun daɗe da sanin haka, ko da yake ba a san sinadarin da ke ba da umurnin wannan aiki ba.

A cikin 1965 ne wani likitan ƙashi na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Dokta Marshall Urist, ya buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Ya jiƙa gutsattsarin ƙashi a cikin ruwan asid har sinadarin kalsiyam da ke sa shi tauri ya narke, sa'an nan ya binne abin da ya rage a cikin tsokar zomaye da ɓeraye, inda babu ƙashi ko kaɗan. Bayan 'yan makonni sai ga sabon ƙashi ya tsiro a cikin tsokar. Daga nan ya fahimci cewa akwai wani abu ɓoye a cikin ƙashi wanda ke iya sa ƙwayoyin halitta na jiki su canza aiki su koma magina ƙashi. A cikin 1971 ya raɗa wa wannan abu sunan da ake kiransa da shi har yau.

Wasu masana, cikinsu har da Hari Reddi, sun bi diddigin matakan aikin a jikin ɓera. Sun gano cewa da farko guringuntsi ne ke fitowa cikin kimanin mako guda, daga nan jijiyoyin jini su ratsa shi, ƙashi ya maye gurbinsa, kuma kafin mako uku ya cika har ɓargo ya samu. Waɗannan su ne matakan da yawancin ƙasusuwan jariri ke bi a cikin mahaifa.

Sai dai kuma sanin cewa abu yana nan daban, samunsa a hannu daban. Wannan furotin kaɗan ne ƙwarai a cikin ƙashi. Masu bincike sukan niƙa kilo da yawa na ƙashin shanu daga mayanka, su yi watanni suna tacewa, a ƙarshe su tashi da 'yan maikirogiram kawai. Maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Babu wani kamfani da zai iya kafa ciniki a kan hajar da ƙarancinta ya kai haka, kuma abin da aka tace ɗin ma yakan zo a gauraye da wasu sinadarai, ta yadda ba a iya tabbatar da wanne ne ke yin aikin.

Dabarar dashen ƙwayar gado

Mafitar ta zo ne daga wani fanni na dabam. A cikin 1973 Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka nuna cewa ana iya yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta a cikin bakteriya, ita kuma bakteriyar ta riƙa bin umurnin da ke cikinta. Kowace ƙwayar gado tamkar rubutaccen tsari ce na yadda za a haɗa wani furotin. Idan aka dasa tsarin furotin ɗin ɗan Adam a cikin wata ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa, aka yi kiwonta a cikin tanki, to an sami masana'anta ke nan. Abin da ake samu ta wannan hanya shi ne za mu kira furotin ɗin dashe.

Kamfanin Genentech, wanda aka kafa a 1976, shi ya fara cin moriyar dabarar, kuma a 1982 hukumomin Amurka suka amince da insulin na dashe wanda kamfanin Eli Lilly ya fitar don masu ciwon sukari. Su kuwa jami'o'in nan biyu, haƙƙin mallakar wannan ƙirƙira ya samar musu kimanin dala miliyan 255 kafin wa'adinsa ya ƙare a 1997.

A fannin ƙashi, kamfanin Genetics Institute na jihar Masachusets ne ya riga kowa. A cikin 1988 John Wozney da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon BMP na farko, bayan sun yi amfani da ɗan abin da suka tace daga ƙashin shanu a matsayin jagora. A daidai wannan lokaci wani kamfani na jihar, Creative BioMolecules, yana aiki a kan BMP-7, wanda ya sa wa suna OP-1, tare da haɗin gwiwar kamfanin kayan aikin tiyata na Stryker.

Ana sarrafa BMP-2 ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce kiwon wasu ƙwayoyin halitta da aka samo asalinsu daga wani ɗan ɓera na ƙasar Sin mai suna hamsta. Theodore Puck ne ya fara rainon waɗannan ƙwayoyi a 1957, kuma har yanzu su ne ƙashin bayan masana'antar magungunan dashe. Suna haɗa furotin ɗin daidai da yadda jikin mutum ke yi, amma kiwonsu yana da tsada, domin suna buƙatar abinci na musamman da ɗumi daidai na jikin mutum da tsabta wadda babu sassauci a cikinta. Hanya ta biyu ita ce amfani da bakteriyar E. coli, wadda ke hayayyafa cikin mintoci kuma abincinta ba shi da tsada. Matsalarta ita ce takan fitar da furotin ɗin a dunƙule, sai an narkar da shi an sake naɗe shi zuwa siffarsa ta gaskiya kafin ya yi aiki. Wasu kamfanonin Koriya ta Kudu sun bi wannan hanya ta biyu domin rage farashi.

Kasuwar ɗakunan gwaje-gwaje

Kafin kowane magani ya isa asibiti, sai an yi shekaru ana gwada shi a kan ƙwayoyin halitta a cikin faranti da kuma jikin dabbobi. Wannan mataki kasuwa ce mai zaman kanta, wadda ba kasafai jama'a ke jin labarinta ba, kuma masu sayayya a cikinta su ne jami'o'i da cibiyoyin bincike da kamfanonin haɗa magunguna.

Gwajin da ya fi shahara yana da sauƙin fahimta. A cikin 1994 wasu masana na Japan ƙarƙashin Takenobu Katagiri suka nuna cewa idan aka ɗiga BMP-2 a kan ƙwayoyin tsokar ɓera da ake raino a faranti, sukan fasa zama tsoka su fara nuna alamun ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Ana gane haka ta hanyar auna wani sinadari da magina ƙashi ke fitarwa. A wasu gwaje-gwajen kuma akan jira mako biyu zuwa uku, sa'an nan a zuba wani jan rini wanda ke kama kalsiyam. Idan gindin farantin ya yi ja, to ƙwayoyin sun fara ajiye ma'adinin ƙashi. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ne ake tantance sababbin ƙarafa da robobin dashe, da kayan cike gurbin ƙashi, har ma da tsirrai da ake zaton suna taimaka wa karaya.

Ana sayar da furotin ɗin bincike a kwalabe masu ɗauke da maikirogiram 10, ko 50, ko 100. Domin a ga girman ribar, a ƙaddara cewa kwalbar maikirogiram 10 tana kan dala 300. Bisa wannan lissafi, giram ɗaya zai kama dala miliyan 30, abin da ya ninka farashin zinariya sau dubbai. Ba yawan kayan da aka zuba ne ke jawo wannan tsada ba. Abin da mai saye ke biya shi ne tabbaci. Kowace kwalba tana zuwa da takardar shaida mai nuna tsabtar furotin ɗin, wadda yawanci ta haura kashi 95 cikin 100, da yawan gubar bakteriya da ta rage a ciki, da kuma ƙarfin aikinsa kamar yadda aka auna a kan ƙwayoyin halitta. Mai binciken da ya sayi kwalba marar inganci yana iya asarar aikin wata shida bai san dalili ba, shi ya sa da wuya ya bar kamfanin da ya saba da shi saboda ɗan rangwame.

Kwalbar kuwa ba ta daɗewa. Idan ana zuba nanogiram 100 a kowace mililita ta ruwan rainon ƙwayoyin, maikirogiram 10 zai ishi mililita 100 ne kacal, alhali ana canza ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Ke nan mai saye zai dawo, kuma wannan shi ne abin da ya sa manyan kamfanoni ke rububin mallakar masu wannan sana'a. A 2015 kamfanin Merck na Jamus ya sayi Sigma-Aldrich a kan dala biliyan 17. A ƙarshen 2021 Thermo Fisher ya sayi PeproTech na jihar Niyu Jasi, wanda ya ƙware a furotin ɗin dashe na bincike, a kan kimanin dala biliyan 1.85. A 2023 kuma Danaher ya sayi Abcam na Kambirij a Ingila a kan dala biliyan 5.7. Sauran manyan masu faɗa a ji sun haɗa da R&D Systems na kamfanin Bio-Techne da ke Amurka, da Sino Biological na Beijin wanda aka kafa a 2007, yake gogayya da su ta fuskar farashi.

Ya kamata a lura cewa kowace irin wannan kwalba tana ɗauke da gargaɗin cewa don bincike kawai aka yi ta. Ba a sarrafa ta bisa ƙa'idojin maganin da za a sa wa mutum ba, kuma duk wanda ya sayar da ita ga asibiti don a yi wa majinyaci amfani da ita ya saɓa doka, ya kuma jefa rai cikin haɗari.

Daga faranti zuwa ɗakin tiyata

Babbar kasuwar da kamfanonin suka hanga ita ce asibiti. An daɗe ana ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na karaya kan yi jinkirin haɗewa ko su ƙi haɗewa sam. Haka kuma akwai tiyatar da ake haɗe gaɓoɓin ƙashin baya guda biyu don magance matsanancin ciwon baya. A duk waɗannan, abin da likitoci suka saba yi shi ne su yanko ƙashi daga ƙugun majinyacin su dasa a inda ake buƙata. Hanyar tana aiki, amma tana nufin yanka biyu, da ƙarin zubar jini, da ciwo a wurin da aka ɗebo ƙashin. Alkawarin da BMP ya zo da shi shi ne a huta da yanka na biyun.

Kafin a kai ga haka, hajar ta canza hannu sau da dama. Genetics Institute ya sha kaye a hannun Amgen a wata shari'ar haƙƙin mallaka kan maganin ƙarin jini a 1991, abin da ya raunana shi, har American Home Products ya sayi kashi 60 cikin 100 na hannun jarinsa a 1992, ya kuma ƙarasa saye a 1996. Wannan kamfani ya koma Wyeth a 2002, shi ma Pfizer ya haɗiye shi a 2009. Izinin amfani da BMP-2 a tiyatar baya kuwa yana hannun Sofamor Danek, wanda Medtronic ya saya a 1999.

A watan Yulin 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da BMP-2 ƙarƙashin sunan Infuse, don wani nau'i guda na tiyatar ƙasan baya wadda ake shiga ta gaban ciki. Dokta Urist bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 2001, shekara 36 bayan gwajinsa na farko. A 2004 aka ƙara izinin amfani da shi a karayar ƙwauri mai buɗaɗɗen rauni, a 2007 kuma a wasu ayyukan ƙashin muƙamuƙi. Izinin karayar ƙwauri ya dogara ne a kan wani gwaji na majinyata 450 a ƙasashe 11, wanda wani likita na Darban a Afirka ta Kudu, Farfesa Govender, ya jagoranci wallafa shi a 2002. Sakamakon ya nuna raguwar kashi 44 cikin 100 na buƙatar sake yin wani aiki a kan karayar.

Ana jiƙa furotin ɗin ne a cikin wani soso da aka yi da sinadarin kolajin na agarar shanu, a ɗora a wurin, domin idan aka zuba shi haka nan jini zai wanke shi kafin ya yi aiki. Adadin da ake sa wa mutum ɗaya yakan kai miligiram 4 zuwa 12, wanda ya zarce abin da ke cikin ƙashin jikinsa nesa ba kusa ba, kuma kuɗin fakiti ɗaya ya kai dubban daloli. Ciniki ya buɗe ƙwarai. Wani nazari da aka buga a 2009 ya nuna cewa a 2002 ƙasa da kashi 1 cikin 100 na tiyatar haɗe ƙashin baya a Amurka ne aka yi da BMP, amma zuwa 2006 adadin ya kusa kashi 25. A lokacin da kasuwar ta kai ƙololuwa, wajen 2011, cinikin Infuse ya kusa dala miliyan 900 a shekara.

Inda gizo ya yi saƙar

Dokar Amurka ta yarda likita ya yi amfani da magani a wurin da hukuma ba ta ba da izini ba idan ya ga dacewar haka, amma ta hana kamfani tallata irin wannan amfani. Nazari ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na amfanin da aka yi da BMP a tiyatar baya ya faɗa cikin wannan rukuni. A watan Yulin 2008 hukumar magungunan ta fitar da gargaɗi bayan ta sami rahotanni aƙalla 38 na kumburin wuya da maƙogwaro, wanda ya kai ga toshe numfashi, a majinyatan da aka sa wa furotin ɗin a ƙashin wuya.

A watan Yunin 2011 mujallar The Spine Journal, ƙarƙashin editanta Dokta Eugene Carragee na Jami'ar Stanford, ta keɓe fitowa guda sukutum a kan batun. Ta duba rahotanni 13 na gwaje-gwajen da kamfani ya ɗauki nauyi, masu majinyata 780, ta tarar babu ko ɗaya da ya ambaci wata illa daga furotin ɗin, alhali bayanan da ke hannun hukuma sun nuna tsirowar ƙashi a inda ba a so, da zaizayar ƙashin da ke kusa, da ciwon jijiya. A watan Oktoban 2012 kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawan Amurka ya ba da rahoton cewa Medtronic ya biya likitocin da suka rubuta waɗannan rahotanni kimanin dala miliyan 210 tsakanin 1996 da 2010, a matsayin ladan shawara da kason ƙirƙira da sauransu, kuma ma'aikatansa sun sa hannu wajen tsara wasu rubuce-rubucen. Kamfanin ya musanta cewa ya ɓoye illa ko ya karkatar da sakamako. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta rufe nata binciken a 2012 ba tare da tuhuma ba, ko da yake a wannan shekara kamfanin ya biya dala miliyan 85 don sasantawa da masu hannun jarinsa da suka kai ƙara.

Domin wanke kansa, Medtronic ya miƙa wa Jami'ar Yale dukkan bayanan gwaje-gwajensa tare da dala miliyan 2.5, ita kuma ta ba wasu ayari biyu masu zaman kansu, ɗaya a Jami'ar Yok ta Ingila, ɗaya a jihar Oregon, su yi nazari kowa da kansa. Sakamakon da aka buga a Yunin 2013 ya nuna cewa furotin ɗin yana haɗe ƙashi, amma ta fuskar sauƙin da majinyaci ke samu bai fi ƙashin ƙugunsa da wani abin a zo a gani ba, kuma rahotannin farko sun rage yawan illolinsa. Ciniki ya ragu ƙwarai, ko da yake ba a janye hajar daga kasuwa ba.

Shi kuwa OP-1 bai taɓa samun cikakken izini a Amurka ba, sai taƙaitaccen izini na jinƙai wanda aka fara ba shi a 2001. Stryker ya sayar da shi ga Olympus na Japan a kan dala miliyan 60 a yarjejeniyar da aka sanar a ƙarshen 2010, kuma a 2014 Olympus ya rufe wannan sashe. A Turai ma an dakatar da BMP-2 na ɗan lokaci a 2015, saboda matsalar tsabta a masana'antar da ke yin soson, ba furotin ɗin kansa ba.

Sai dai binciken da aka yi da furotin ɗin dashe ya haifar da wasu magunguna da suka fi shi kasuwa. Gano furotin ɗin da ke ba da umurnin rushe tsohon ƙashi a 1997 ya kai Amgen ga maganin Prolia na zaizayar ƙashi, wanda aka amince da shi a 2010, kuma cinikinsa ya haura dala biliyan 4 a 2023. Haka nan, nazarin wata cutar gado da ke sa ƙashi yin kauri fiye da kima a tsakanin Turawan Afirka ta Kudu ya kai ga maganin Evenity a 2019.

Abin da ya shafi Nijeriya

Buƙatar ilimin ƙashi a ƙasar nan ba ɓoyayyiya ba ce. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano, kullum suna karɓar waɗanda haɗarin mota da na babur ya rutsa da su, da kuma waɗanda suka fara zuwa wurin masu ɗori suka iso bayan karayar ta ƙi haɗewa. Amma a inda yawancin majinyata ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsu, fakitin da ya kai dubban daloli ba zai zama abin yau da kullum ba. Sakamakon Yale yana da daɗin ji a nan, domin ya tabbatar da cewa tsohuwar hanyar ɗebo ƙashi daga ƙugu, wadda likitocinmu suka ƙware a kai, ba ta gaza ba.

Kasuwar da ta fi kusa da hannun ɗan kasuwar Nijeriya ita ce ta samar wa jami'o'i da asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike kayan aiki. Duk wanda zai shiga cikinta sai ya yi la'akari da abubuwa da dama. Na farko shi ne canjin kuɗi. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, dala tana kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Kwalbar dala 300 da ta kasance Naira 138,000 sai ta koma Naira 450,000, alhali kuɗin binciken da aka ware wa malamin jami'a bai ƙaru ba. Ɗan kwangilar da ya ba da farashi da Naira, aka yi watanni kafin a biya shi, yana iya cinye jarinsa.

Na biyu shi ne sanyi. Ana aiko furotin ɗin a busasshen gari wanda ke jure 'yan kwanaki a hanya, amma da isowarsa dole a ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Da zarar an narkar da shi kuma, ba a son ya riƙa daskarewa yana narkewa, domin kowane zagaye yana rage ƙarfinsa. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sanarwa, firiza marar janareta ko hasken rana asara ce. Haka nan jinkirin fiton kaya a hannun kwastan a filin jirgin sama yana iya lalata hajar tun ba ta isa shago ba. Dillalin da ya iya tabbatar wa mai bincike cewa sanyi bai yanke ba daga masana'anta har teburinsa, ya kuma miƙa masa takardar shaidar kowace kwalba, ya mallaki abin da sauran ba su da shi.

Na uku shi ne doka. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke sa ido kan shigo da magunguna da sinadarai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a mataki na uku na ƙwarewa. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umurni na wa'adin shekara biyu da ya ɗauke haraji daga wasu injuna da ɗanyun kayan haɗa magunguna, domin ƙarfafa sarrafawa a gida. Gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa tun 2001, akwai kuma cibiyar kimiyya ta Sheda da cibiyar binciken magunguna ta Idu a Abuja. Sarrafa furotin ɗin bincike da bakteriya bai kai sarrafa magani tsada ko tsananin ƙa'ida ba, don haka shi ne matakin da ƙaramin kamfani zai iya farawa da shi idan ya sami ƙwararru da tsayayyiyar wuta da ruwa mai tsabta.

Akwai misali a nahiyar nan. Kamfanin Altis Biologics na Afirka ta Kudu ya haɗa wani abin cike gurbin ƙashi da ake yin allurarsa, daga furotin ɗin da ya tace daga ƙashin dabba, kuma da shi ne Dokta Nicolaas Duneas da Nuno Pires suka ci kyautar ƙirƙira ta Afirka ta dala 100,000 a bikin da aka yi a Abuja a 2014. Sai dai daga ƙashin alade ake samo shi, abin da zai zama cikas ga ɗimbin majinyata a ƙasar nan. Wannan ya nuna cewa mai shigo da irin waɗannan kaya yana da haƙƙin sanin asalin kowane sinadari da ke ciki, ya kuma bayyana wa likita.

Su ma mayankanmu suna zubar da ƙashi da agara da fata masu yawa, waɗanda su ne tushen kolajin. Amma tun bayan ɓullar cutar haukan shanu a Ingila a 1986, masu sarrafa kayan asibiti ba sa sayen ɗanyen kaya sai daga garken da ake iya bin diddiginsa tun daga haihuwa har yanka, shi ya sa Ostareliya da Niyu Zilan suka yi fice a wannan kasuwa. Kafin 'yan kasuwarmu su sami rabo a cikinta, sai an sami rajistar dabbobi, da likitocin dabbobi masu duba kowace dabba kafin yanka da bayansa, da mayanka masu ajiye bayanan da mai saye daga waje zai iya dubawa.